Rafalin da Ba Ya Iya Waiwaye

Duk lokacin da aka turo mini sababbin masu son koyon alƙalancin ƙwallo, abin da suke fara tambaya shi ne yaushe za a ba su usur. Ba wanda ya taɓa tambayata sau nawa zai zagaye fili kafin rana ta ɗago. A ganinku, ku samarin yanzu, aikin rafali bai wuce mutum ya tsaya tsakiyar fili da gajeren wando ba, ya busa, ya ɗaga kati, jama'a su yi ta kallonsa. To ku gyara zama. Sunana Lawali, a Ƙauran Namoda aka haife ni, kuma tun kaina ba furfura ko ɗaya ake ce mini Lawali Rafali. Aikin nan gudu ne. A wajena ma gudun ya zama dole sau biyu, domin ina ɗauke da wani ciwo mai haɗe ƙasusuwan baya, wanda zama ke ƙara masa ƙarfi, motsi ke lafar da shi. Ranar da na daina gudu ba aikin kaɗai zan rasa ba, har da 'yar miƙewar nan da kuke ganina da ita.

Wasan da na fara riƙe tuta a Shinkafi aka yi shi, a wani filin makaranta da aka ja wa layi da toka. Maigidana a sana'ar nan Malam Tukur ne, malamin firamare, gajeren mutum wanda ba a ganin haƙorinsa muddin yana cikin fili. Ya miƙa mini tuta ya ce in bi layin gabas. Ba a daɗe da farawa ba wani ɗan gaba ya zura ƙwallo a raga, 'yan kallon da ke bayana suka kaure da ihun satar gida, ni kuwa na ɗaga tuta har da miƙe hannu sama don a gan ni. Malam Tukur ya busa ya soke ƙwallon. Da aka tafi hutun rabin lokaci sai ya ja ni gindin wata darbejiya.

"Lawali, ka ga satar gidan ga da idonka?"

"Na ji dut mutane na hwaɗi, Malam."

"Ba shi nat tambaye ka ba. Ina kake tsaye sanda anka bugo ƙwallo?"

Na nuna masa wurin. Akwai taku goma tsakanina da mai tsaron baya na ƙarshe, wanda ya kamata a ce ina daidai da kafaɗarsa.

"To ba ka gani ba. Kunnenka yaɗ ɗaga tuta. Gobe in an sallame asuba ka iske ni bakin tashar jirgi, ka taho da takalmin gudu."

Shekara biyu ya yi yana gudu da ni a gefen layin dogo kafin ya bar ni na hura usur a gaban mutane. Ya koya mini gudun gaba, da gudun baya ba tare da na harɗe ba, da gudun gefe wanda ƙirjinka ke fuskantar fili ƙafafu na jan ka hagu ko dama. Ya koya mini ratsa fili daga kusurwa zuwa kusurwa, ta yadda kullum wasa yana tsakanina da mai tuta, in ga ƙwallo in gan shi da kallo ɗaya. Idan na gaji na dafa gwiwa sai ya ce in miƙe, wai rafalin da aka ga ya dafa gwiwa ya gama yanke hukunci a ranar, duk abin da ya busa bayan nan za a ce gajiya ce.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Usur biyu, ɗaya a ɗaure a wuyan hannu, ɗaya a aljihu, kuma ba a gudu da shi a baki. Na san wani abokin aiki da ƙwallo ta same shi a fuska yana cije da usur, har yau da giɓi yake gaisawa da mutane. Agogo biyu, saboda ɗaya kan tsaya ranar da aka fi bukatarsa. Ɗan littafi da fensir, ba biro ba, don gumi da ruwan sama suna wanke tawada. Katina na farko daga tsofaffin farantan roba na yanko su, ja da ruwan ɗorawa, na goge gefensu a jikin dutse. Amma babban kayan aiki takalmi ne. Ku kuna zuba ido ga riga mai walƙiya, ni kuwa idan na shiga gwanjo sai na lanƙwasa takalmi goma kafin in ɗauki ɗaya, ina neman mai taushin dunduniya da ba ya zamewa a tsakuwa.

Masu kiranmu kuwa kowane iri ne: makarantu, samarin unguwanni, direbobin tasha, masu kabu-kabu. Akwai wasan da na busa a Moriki washegarin kasuwa, tsakanin mahauta da masu lodin hatsi. Saura minti biyu a tashi wani ƙaton mahauci ya kwashe ƙafar ɗan wasan masu lodi a cikin da'ira, na ba da fenariti. Fili ya cika da mutane kafin in sauke hannu. Wani dattijo cikin mahautan ya ratso har gabana, ya dube ni, ya dubi inda yaron yake kwance, taku huɗu tsakanina da shi. Sai ya juya ya ce wa mutanensa, "Ku hita. Kusa shike, ya gani." Da a tsakiyar fili nake a tsaye lokacin da abin ya faru, da ban san yadda zan bar garin ba. Jama'a suna haƙuri da hukuncin da bai yi musu daɗi ba idan sun ga kana wurin, kuma ƙafa ce kaɗai ke kai ka wurin.

Ina kusa da shekara talatin ciwon ya fara. Da safe sai in farka bayana ya sandare, in daɗe a bakin gado kafin in iya miƙewa. Wani zafi ya riƙa kama ni can ƙasan ƙugu, yau dama gobe hagu, sai kuma dunduniya. Abin da ya rikita kowa shi ne, idan na shiga fili na yi minti goma ina gudu sai ciwon ya sake ni kamar ba a yi ba. Abokai suka mayar da ni abin tsokana, wai mara lafiyar da ke gudun awa ɗaya da rabi amma ba ya iya ɗaukar buta. Kowa ya zama likita. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi ne ya shiga ƙashi. Na sha saiwoyi har bakina ya daina jin ɗaci, aka yi mini ƙaho sau uku.

Daga ƙarshe mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yanke cewa gudu ne ya ɓata mini baya. Ya kawo wani maɗori, ya lalluba ni, ya ce ƙashi ne ya goce kuma ba zai koma ba sai an hana shi motsi. Aka ciro ƙyauren katako aka shimfiɗa a ɗakina, aka ce in kwanta a kai kwana arba'in, ba tashi sai don lalura. Mahaifina da kansa yake zama a ƙofa yana gadi. Matata Saratu ke kawo mini abinci har bakin ƙyaure. Ba wanda ya yi mini haka don mugunta, a wajenmu duk wanda ƙashi ya dama hutu ake ba shi, kuma sau da yawa daidai ne. Ranar da kwana arba'in suka cika mutum biyu suka ɗaga ni. Ban iya sa takalmi ba, ruku'u kuwa ko rabi ban kai ba.

Malam Tukur ne ya sa ni a mota ya kai ni wani babban asibiti a Sakkwato. Aka ɗauki hoton bayana, aka ɗebi jini. Likitan ya ɗaga hoton a gaban fitila ya daɗe yana kallo, sannan ya yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini: shin da safe ya fi tsanani, shin yana sauƙi idan na motsa. Na ce ƙwarai. Na ba shi labarin ƙyaure, sai ya ajiye biro.

"Kwana arba'in? Malam Lawali, da ka zo wajena ka ce in nuna maka hanyar da ciwon nan zai fi saurin cin ka, da ita zan nuna maka."

Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, ankylosing spondylitis, ya rubuta mini a takarda don ban iya maimaitawa ba. Ya ce kumburi ne a gaɓoɓin ƙashin baya da na ƙugu, kuma idan ya daɗe jiki kan yi ƙashi a wurin, gaɓa ta manne da gaɓa. Abin da ya manne ba ya sakewa. Ya ce ba shi da maganin warkarwa, akwai dai ƙwayoyi masu rage kumburi da zafi, sauran aikin kuma nawa ne: in motsa kowace rana, kuma in yi ƙoƙari idan ma bayan zai manne, ya manne a miƙe. Na tambaye shi gudu fa. Ya ce tun da jikina ya saba, in ci gaba, amma a ƙasa mai laushi, a hankali, in guji karo da mutane domin bayan da ya manne yana saurin karyewa, ranar da ciwon ya taso kuma in koma tafiya. Ya ce idan na ga idona ya yi ja yana zafi, kada in jira gobe. Kafin mu fito ya tsayar da ni jikin bango, dunduniya da ƙugu a manne, ya ce in kai ƙeyata ga bangon. Ba ta kai ba. Ya zura yatsu biyu a tsakani ya ce wannan shi ne ma'aunina, in riƙa dubawa.

Da na dawo na faɗa wa mahaifina. Washegari na ga ya ɗauki ƙyauren da kansa ya mayar da shi ƙofar da aka ciro shi.

Tun daga lokacin safiyata iri ɗaya ce. Bayan sallar asuba in watsa ruwan ɗumi, in kwanta rub da ciki a tabarma ina ɗaga ƙirji, in tsaya jikin bango, in dafa haƙarƙarina in ja numfashi mai tsawo don kada ƙirjin ma ya ƙage. Daga nan in fita, tafiya tukuna har jiki ya sake, sannan gudu a kan yashin da ke gefen gulbi. Na koma fili, na yi shekaru ina busa wasa daga Ƙaura zuwa Zurmi. Ciwon bai tsaya cak ba, tafiyarsa dai ta ragu. A hankali ya hau wuyana, har ya zamana ba na iya waiwaye. Idan aka kira ni ta baya sai na juyo da jikina gaba ɗaya.

Kuna ganin rafali marar wuya zai yi aiki? Ya yi, amma sai da na sake koyon sana'ar daga tushe. Na faɗaɗa gudun kusurwa ta yadda kusan dukkan 'yan wasa suna gabana. Na ƙara yawan gudun baya, na koyi juyawa a kan dunduniya ɗaya kafin ƙwallo ta sauka, ba bayan ta sauka ba. Na daina shiga tsakanin masu faɗa, daga nesa nake busa. Kafin kowane wasa nakan tara masu tuta in ce musu, "Yau ku na wuyana. Dut abin da anka yi bayana, in ba ku hwaɗa min ba, ba a yi shi ba." Gudun da nake yi a wasa ɗaya ya fi na da, don wanda ba ya waiwaye dole ya riga kowa isa.

Sai shekarar da ba na son tunawa. Hare-hare suka yi yawa a ƙauyukan Zurmi, hanyoyi suka lalace, aka daina gayyatar wasa, don ba mai tara samari a fili da yamma a irin wannan hali. Mutane suka riƙa kwararowa Ƙaura da tabarmi da tukwane a ka. Makarantar firamare ta unguwarmu, wadda ke bakin gari ta wajen gonaki, ta cika da su, aji bayan aji. Ni ma na daina zuwa gulbi. Na rage hanyata ta zama daga gida zuwa bakin gonaki, in juyo ta bayan makaranta. Mutanen unguwa sun saba da ni shekara da shekaru, ko ɗaga kai ba sa yi idan na wuce. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin baƙin nan ba su san ni ba.

Wata safiya ta damina ana yayyafi, na sa baƙar rigar ruwa mai hula na fita. Ashe da yammacin jiya wata sabuwar tawaga ta iso, mutanen da aka kora daga garinsu kwana biyu da suka wuce. Na kai bakin gonaki na juyo, gari bai gama wayewa ba, kaina a sunkuye kamar kullum. Ina daidai famfon makaranta sai na ji faɗuwar bokiti, wata mace ta ƙwala ihu, "Ga su nan! Ga su nan!" Nan take na ji ƙafafu a bayana, da kukan yara, da salati. Kafin in ga abin da ke bayana dole ne sai na tsaya na juyo da jikina duka, ni kuwa tsoro ya hana ni tsayawa. Na yarda da abin da kunnena ya ji, na ƙara wuta. Da suka ga na ƙara, su ma suka ƙara. Haka na jawo makaranta guda da rabin unguwa a bayana har masallacin bakin titi.

'Yan banga suka fito da bindigoginsu suka shiga gonaki, suka dawo ba su ga kowa ba. Aka fara bin maganar, wa ya gani, wa ya fara ihu, har aka kai ga matar famfo. Ta ce ita dai ta ga wani mutum da baƙaƙen kaya ya fito daga cikin dawa a guje, kansa a duƙe, kuma a garinsu wanda ya fara fitowa daga gona a guje shi ne labari. Ina tsaye a wurin da rigar a jikina, ina haki. Ɗaya bayan ɗaya idanu suka dawo kaina. Wasu samari suka fara dariya, sai aka zo da labarin cewa wata tsohuwa cikin baƙin, Inna Kulu, ta faɗa lambatun ƙofar makaranta, mutane sun bi ta kanta, cinyarta ta karye. Dariyar ta tsaya.

Bayan la'asar mai unguwa ya kira ni zaurensa, dattawa na zaune.

"Lawali, mun san lalurarka, kuma mun san ba da gangan kay yi ba. Amma ka diba, garin ga yanzu ba a gudu sai da dalili. Mutanen ga da kaka gani, gudu yak kawo su nan. Ba ka ƙara gudu cikin unguwag ga sai Allah Ya kawo muna lahiya."

"Na ji, ranka shi daɗe."

Na sha korar 'yan wasa daga fili saboda gardama da hukunci, kuma na san wannan hukuncin daidai ne. Da ni ne a kujerarsa haka zan yanke.

Gaskiya ita ce tafiya da sauri ma za ta yi mini amfani, likita ya faɗa. Amma kunya ta rufe ni. Idan na fito sai in ga kamar kowa nuna ni yake, ga wanda ya karya tsohuwa. Na koma tsalle-tsalle a tsakar gida tsakanin turmi da igiyar shanya, kwana biyu in yi, kwana uku in bari. Ba wasa, ba gudu, sai zama. Ciwon kuwa ba ya jira. Sandarewar safe da ke sakina cikin rabin awa ta koma kaiwa hantsi. Na fara salla a kujera. Duk Juma'a Saratu ke auna ni a jikin bango, a shekarun nan ma'aunin ya tsaya a yatsu uku. Wata uku da hana ni gudu ta zura hannu kamar kullum.

"Nawa?" na tambaye ta.

"Malam, yau hannuna dut ya shige."

Na ji tsoro ranar, tsoro na gaske, domin na san abin da ya manne ba ya sakewa.

Abu ɗaya da ban fasa ba shi ne zuwa gai da Inna Kulu. Bayan an sallamo ta daga asibiti aka mayar da ita ajin da iyalinta suke, aka shimfiɗa mata tabarma a baranda. Ƙashin ya haɗu amma ƙafar ta gajarce, ba ta takawa sai an riƙe ta. Zuwan farko na durƙusa iyakar yadda jikina ya bari, na ce ni ne, ta yafe mini. Ta dube ni ta ce Allah Ya yafe mana duka, ta juya fuska ga bango. Na ci gaba da zuwa kowace Juma'a da 'yar fura a kwano. Ba ta cika magana ba. Sai wata rana ta tsura mini ido tun daga ƙofar makaranta har na iso.

"Ɗana, kullum kaz zo sai in ga ka ƙara duƙawa. Kunya ta ko ciwo?"

"Dut biyun, Inna."

"To hwaɗa min na ciwon."

Na faɗa mata, tun daga ƙyaure har hukuncin mai unguwa. Ta saurara tana jan carbi. Da na gama ta ce ita duk tsawon lokacin nan ta ɗauka motsa jiki irin na 'yan boko nake yi don nishaɗi, shi ya sa abin ya tsaya mata a rai.

Bayan kwana biyu mai unguwa ya zo makarantar duba baƙi kamar yadda ya saba. Aka aiko a kira ni. Na iske shi tsaye gaban tabarmarta, ita kuwa ta sa an jingina ta da bango.

"Ranka shi daɗe," in ji ta, "ni anka karya, ko ba ni ba? To ni ad da magana. Ƙahwata ta tahi, ba ta komowa. In kunka bari bayan mutumin ga ya naɗe, an yi hasara biyu ke nan, ni kau ba ni ƙaruwa da komi. A bar shi shi yi gudu nai."

"Inna, in mutane sunka sake ruɗewa hwa?"

"Ba gudun muka tsoro ba, rashin sanin abin da yak koro mutum muka tsoro. Shi yi nan cikin hili, gabanmu, rana tsaka. A bi ɗaki-ɗaki a hwaɗa ma kowa magani na shika sha da ƙahwa."

Mai unguwa ya shafa gemu. Sannan ya ce ya amince, da sharaɗi uku: cikin filin makaranta kaɗai, bayan rana ta ɗago, kuma da farar riga. Shi da kansa ya bi azuzuwan ya sanar, aka kuma faɗa a masallaci.

Washegari da hantsi na shiga filin. Rabinsa murahu ne da shanya, sai na zaɓi gefe-gefe, na kawar da duwatsu da ƙafa. Mutane suka fito baranda suka jeru, mata sun riƙe hannun yaransu gam. Na yi zagaye biyu da tafiya. Da na fara gudun, idan ma za a kira shi gudu, kowace dunduniya na sauke sai in ji ta har ƙeya. Na ga wata mata ta ja 'yarta ta koma cikin aji. Na ci gaba. A zagaye na biyar zafin ya fara sakina kamar yadda ya saba, numfashi ya buɗe, na ji hawaye na zubo mini ban san lokacin da suka fara ba. Na ƙudura zan yi goma. A na takwas ƙarfina ya ƙare, na tsaya daidai tabarmar Inna Kulu ina haki, na juyo da jikina na fuskance ta.

"Ka gaji?" ta ce.

"Kaɗan, Inna."

Ta ajiye carbin a cinya. "Tun da abin ga yah hwara, sau huɗu ina barin gida a guje. Malam nau ya ruga, bai komo ba. Ɗiyana biyu sun ruga daji, har yau ba labari. Dut wanda nag ga bayanai shina gudu, na gama ganinai ke nan. Kai na mutum na hwarko da nag gani shina gudu, shina komowa inda yat tashi." Ta nuna filin da haɓa. "Tahi ka ƙara, in gani."

Na koma kan hanya na ci gaba da zagayawa, ina wucewa ta gabanta ina dawowa, ban tsaya ba sai da ta ɗaga hannu.